Daga Tangaraho Zuwa Hoton Waya: Tarihin da Ke Bayan Cinikin Titin Zhanxi

A yamma da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta birnin Guangzhou da ke kudancin ƙasar Sin, akwai wani titi da ake kira Zhanxi Lu, wato titin yamma da tasha. Manyan kasuwannin sari ne suka cika shi, inda ake sayar da agoguna da takalma da tufafi, kuma fatake daga Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawan Kano da Maradi da Yamai, sun daɗe da sanin hanyarsa.

A da, sai mai dukiya ya zo da ƙafarsa ya duba kaya kafin ya biya. Yanzu kuwa wakili kan ɗauki hoton agogo ko takalmi da wayarsa, ya aika wa maigidansa a Kantin Kwari ko Sabon Gari, a gama ciniki cikin mintoci. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to amma a wannan ciniki hoto ne ya maye gurbin ido. Lamarin ya ƙara ƙarfi tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta sa Sin ta rufe kan iyakokinta, ba ta kuma buɗe su ba sai a farkon 2023.

Wannan hoto da ake ɗora dukiya a kansa yana da tarihin da ya haura shekara 100, kuma tushensa ɗaya ne da na zane-zanen kwamfuta na farko.

Yadda hoto ya koma lamba

Wayar tangaraho ba ta iya ɗaukar komai sai ɗigo da layi, waɗanda ke wakiltar haruffan Turawa. Da ta isa birnin Shanghai a 1871 ta hannun wani kamfanin ƙasar Denmark, sai aka ci karo da matsala, domin rubutun Sinanci yana da alamomi dubbai. Maganin da aka samo shi ne a bai wa kowace alama lamba mai alƙaluma huɗu. Mai aikawa ya mayar da kalma lamba, mai karɓa ya duba littafi ya mayar da lambar kalma.

A 1920 ne wasu Turawan Ingila biyu, Harry Bartholomew da Maynard McFarlane, suka gwada irin wannan dabara a kan hoto. Sun rarraba hoton zuwa ƙananan ɗigogi, suka bai wa kowane ɗigo daraja gwargwadon haskensa ko duhunsa, sannan suka aika ta wayar ƙarƙashin teku tsakanin Landan da New York. Hoton jarida da kan kwashe fiye da mako guda a jirgin ruwa sai ya riƙa isa cikin ƙasa da awa uku. Da farko matakan haske biyar kacal na'urar ke bambancewa, amma zuwa 1929 sun kai 15. Duk wanda ya taɓa kallon mai ɗinkin hula yana ƙirga zare gida-gida har zane ya fito, ya fahimci asalin wannan hikima.

A 1957 wani masani a Amurka, Russell Kirsch, ya shigar da hoton jaririnsa cikin kwamfuta, mai ɗigo 176 a tsaye da 176 a kwance, wanda ake lissafa shi cikin hotuna na farko da kwamfuta ta adana.

Masu zane a kamfanin tarho

Ba a makarantar koyon zane aka fara zane da kwamfuta ba. Ɗaya daga cikin wuraren da ya fara bunƙasa shi ne cibiyar bincike ta Bell da ke jihar New Jersey, mallakar babban kamfanin tarho na Amurka, inda injiniyoyi ke neman hanyar tura murya da hoto ta waya. A can ne a 1962 wani matashin injiniya, Michael Noll, ya fara umartar kwamfuta ta zana layuka don ƙawa kawai. A 1965 aka baje kolin irin waɗannan zane-zane a karon farko, na Georg Nees a birnin Stuttgart na Jamus a watan Fabrairu, sai kuma na Noll da abokin aikinsa Bela Julesz a New York a watan Afrilu.

Noll ya yi wani gwaji da har yau ake ambatonsa. Ya sa kwamfuta ta kwaikwayi wani zane na 1917 na shahararren mai zanen nan na ƙasar Holan, Piet Mondrian, sannan ya nuna wa mutum 100 zanen biyu. Mutum 28 ne kawai suka gane na kwamfuta, yayin da 59 suka ce shi ya fi burge su. Tun daga lokacin aka fara tambayar da ɗan kasuwa ke yi wa kansa a yau: shin ido na iya bambance na asali da kwaikwayo? A wannan cibiya dai ce a 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro na'urar da ke mayar da haske lamba, wadda ta buɗe hanyar kyamarar da ba ta buƙatar fim.

Guangzhou da Kano

Birnin Guangzhou na da nasa matsayi a wannan tarihi. A nan ne aka buɗe tsarin wayar salula na farko a babban yankin ƙasar Sin a watan Nuwamba na 1987, daidai lokacin gasar wasannin ƙasa karo na shida. Wayoyin lokacin manya ne kamar tubali, kuma kuɗin guda ya kai kimanin yuan dubu 20, abin da sai manyan attajirai. A nan ne kuma ma'aikatan kamfanin Tencent suka ƙirƙiro manhajar WeChat da ta fito a 2011, wadda da ita ce masu shaguna a Zhanxi ke aika hotunan kaya, suke kuma karɓar kuɗi.

A Nijeriya kuwa, wayar ƙarƙashin teku ta haɗa Ikko da Landan tun 1886, kuma daga zaren ƙarfen tangaraho ne Hausa ta samu kalmar waya. Amma tarho ya daɗe yana hannun 'yan tsiraru. Ko bayan kafa kamfanin NITEL a 1985, layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 100. Fatake kan bi dogon layi a ofishin waya kafin su yi magana da ƙasar waje. Sauyi ya zo ne a 2001, lokacin da aka yi gwanjon lasisin salula a kan dala miliyan 285 kowanne, kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta. Ba a jima ba wayoyin da ake ƙerawa a lardin Guangdong suka cika kasuwanni irin su Farm Centre da titin Beirut a Kano.

Wa ke rubuta lissafin?

Da zarar hoto ko harafi ya koma lamba, to wanda ya tsara lambobin shi ke yanke abin da zai bayyana. Hausawa sun ɗanɗana wannan. Tangaraho da keken rubutu da kwamfutocin farko ba su san haruffa masu lanƙwasa ba, saboda haka faɗa ya riƙa komawa fada, baƙi su koma baki. Sai da tsarin Unicode ya fito a farkon shekarun 1990 waɗannan haruffa suka samu lambobinsu na dindindin, kuma har yau akwai wayoyi da shafuka da ke watsi da su. Sinawa kuwa ba su jira kowa ba. A 1974 gwamnatinsu ta ƙaddamar da shirin shigar da rubutunsu cikin kwamfuta, inda Farfesa Wang Xuan na Jami'ar Peking ya samo hanyar taƙaita siffar kowace alama da lissafi, abin da ya raba maɗaba'o'in ƙasar da haruffan dalma.

Haka abin yake game da fuska. Kyamarori da dama an daidaita su ne da farar fata, shi ya sa baƙar fata kan fito dishi-dishi, musamman da dare. Kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen, maƙwabcin Guangzhou, wanda aka kafa a 2006 kuma yake ƙera wayoyin Tecno da Itel da Infinix, ya lura da wannan giɓi, ya gyara lissafin kyamararsa domin fuskokin 'yan Afirka. Wannan, tare da waya mai ɗaukar layi biyu da batir mai jimawa, na cikin dalilan da suka sa a 2017 ya zarce kamfanin Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a nahiyar.

Ga ɗan kasuwa, darasin a fili yake: hoto lissafi ne, kuma ana iya gyara shi. Launin takalmi na iya sauyawa tsakanin allon waya da buhun da aka sauke a Kano, don haka amanar wakili ta fi kyawun kyamara muhimmanci. Ga matasan da ke zana tallace-tallace da hotunan fina-finan Hausa da kwamfuta kuwa, ƙalubalen ya fi haka girma. Muddin a wata ƙasa ake rubuta lissafin, to harafin Bahaushe da fuskarsa za su ci gaba da jiran sai wani ya ga riba kafin ya tuna da su.