Amsoshin Wasiƙunku: In Na Sayi Gida A Birni, Zan Iya Mayar Da Shi Shaguna?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a ƙasar Bichi. Ya ce bana Allah ya yi wa gonarsa albarka, har dillali ya nuna masa wani gida mai faɗin fili a bakin titi cikin birnin Kano. Niyyarsa ya fasa katangar gaba ya fitar da shaguna huɗu, ya ɗora bene a kai, a baya kuma ya yi sito na ajiye buhuna. Yana tambaya, in ya biya kuɗinsa cif, akwai mai hana shi?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Amsa a taƙaice ita ce, ƙwarai kuwa akwai.

Ka san tun 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Ita ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana a madadin jama'a. Saboda haka abin da kake saye a birni izinin zama ne, wanda galibi ake ba da shi na shekara 99 in fili na gidan zama ne. Takardar shaidar mallaka, wadda ake ce wa satifiket, a cikinta aka rubuta abin da aka ba da filin dominsa: ko gidan zama, ko kasuwanci, ko masana'anta. Wanda ya saɓa wa wannan sharaɗi, doka ta ba gwamna ikon soke takardarsa. Kuma sayarwar kanta ba ta cika a idon doka sai da amincewar gwamna.

To yaya za ka yi? Tun kafin ka ba da ko sisin kwabo, karɓi lambar fulotin ka tafi ma'aikatar ƙasa da safiyo, a duba maka sunan wa ke cikin fayil, kuma ko an jinginar da gidan a banki. In ka ji an ce filin awon igiya ne, wato mai gona ne ya yanka ya sayar ba da awon gwamnati ba, to sai ka ƙara buɗe ido, domin takardar mai unguwa shaidar ciniki ce kurum, ba ta maye gurbin satifiket.

Daga nan sai hukumar tsara birane, wadda a Kano ake kira KNUPDA, a Kaduna kuma KASUPDA. Su za su gaya maka ko unguwar an yarda da shaguna a cikinta, bene hawa nawa za a iya ɗorawa, da ratar da za ka bari tsakaninka da titi da maƙwabta. Mayar da gidan zama wurin kasuwanci sai an nemi izinin canji a rubuce, an biya kuɗin hukuma, an kai zanen gini sun sa hannu. Suna iya yarda, suna iya ƙi.

Ka kuma zaga filin da ƙafarka. In babbar wayar lantarki mai ƙarfin 132kV ta bi ta kai, ana barin mita 15 kowane gefe babu gini. Mai 330kV kuwa mita 25. Ka duba hanyar ruwa ma. Ƴan kasuwa ba su manta ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ba, wadda aka danganta da gine-ginen da suka toshe magudanai.

Kada faɗin fili ya ruɗe ka, Malam. Bayan an cire ratar titi da ta waya, sai ka ga abin da ya saura bai kai shago biyu ba. Da a shafa wa bangonka jan fenti katafila ta biyo baya, gara ka kashe kuɗin mota zuwa ofis tun yanzu. In dillali ya ce sauri ake yi, akwai wani mai so, ka ce masa sai ka ga fayil.

Allah ya sa a yi ciniki a sa'a. Sai mun ji daga gare ku.