Farar Rigar Rawar Bale: Yadda Ado Ya Gamu da Wuta

Bale wata irin rawa ce ta Turawa wadda ake ba da labari da ita a kan dandamali ba tare da an furta ko kalma ɗaya ba. Kiɗa da motsin jiki su ne bakin magana. Ta samo asali daga fadojin sarakunan Italiya, ta bunƙasa a Faransa, sa'an nan ta kai wani matsayi na musamman tsakanin 1830 da 1850. Masana suna kiran wannan lokaci zamanin Romantik, wato zamanin da marubuta da makaɗa da masu zane suka karkata ga shauƙi da mafarki da labaran aljanu da fatalwa. Tufafin 'yan rawar wannan zamani abin nazari ne ga ɗalibin kimiyya, domin masaƙa da fitila ne suka haife su, kuma fitilar ce ta riƙa halaka masu sa su.

Kafin juyin juya halin Faransa na 1789, 'yar rawa takan fito ne cikin kayan fada masu nauyi, da takalmi mai tsini. Bayan juyin, sai matan birni suka koma ga yadi marar nauyi na auduga, irin harsar da ake naɗa rawani da ita. Turawa suna ce masa muslin, sunan da ya fito daga birnin Mausil na Iraƙi, ko da yake mafi kyawunsa daga Daka ta ƙasar Bangal ake saƙo shi. Da injunan kaɗi da saƙa suka yawaita a Ingila, sai ya yi araha. A 1809 kuma John Heathcoat ya yi rajistar injin saƙa yadin raga, mai kama da gidan sauro.

Abu na biyu shi ne haske. A 1822 babban gidan wasan Opera na birnin Faris ya fara amfani da fitilun iskar gas. Wannan fitila ta fi kyandir haske, kuma ana iya ƙara ta ko rage ta, har dandamali ya koma kamar daji a daren farin wata.

Waɗannan abubuwa biyu sun haɗu ranar 12 ga Maris, 1832, sa'ad da Marie Taglioni ta fito a wasan La Sylphide, wanda mahaifinta Filippo ya tsara. Ta fito ne a matsayin aljanar iska, cikin farar riga mai kama jiki daga sama, da buje mai faɗi wanda aka jera yadi a kan yadi, ya tsaya tsakanin gwiwa da idon sawu, ga 'yan fukafukai a baya. An rage tsawon bujen ne don a ga yadda take tsayawa a kan yatsun ƙafa, cikin takalmin siliki mai taushi wanda ɗinki kawai ya ƙarfafa bakinsa. In haske ya ratsa yadin, sai a ga kamar ba ta taɓa ƙasa. Wasan Giselle na 1841, inda Carlotta Grisi ta fito, ya ƙara kafa wannan shiga, domin a kashinsa na biyu dandamali cike yake da fatalwar 'yan matan da suka mutu kafin aurensu, dukansu cikin fari. Matan Faris da na Landan kuwa suka shiga kwaikwayon Taglioni wajen sutura da gyaran gashi.

To, amma fitilun gas harshen wuta ne tsirara, an jera su a bakin dandamali da gefunansa, daidai inda bujen ke kaɗawa. Mai karatu ya san wuta tana bukatar abu uku: makamashi, da zafi, da iskar oksijin. Ya kuma san ƙirare sun fi gungume saurin kamawa, saboda iska tana kewaye kowane sili. Haka siririn yadi yake. Zarensa auduga ce, ga sitaci da aka sa masa don ya tsaya, ga iska tsakanin kowane shafi da na kusa da shi. Faɗin bujen kuma yana zuƙo iska daga ƙasa ya tura harshen wuta sama, kamar an sa zugazugi. Cikin 'yan daƙiƙoƙi sai wuta ta lulluɓe mutum.

Clara Webster ta ƙone a gidan wasan Drury Lane na Landan a watan Disamba na 1844, ta mutu bayan 'yan kwanaki. A 1861, a birnin Filadelfiya na Amurka, gobarar tufafi ta kashe 'yan rawa da dama, har da mata huɗu 'yan gida ɗaya.

Ba wai babu magani ba ne. Tun wajen 1821 masanin haɗa sinadarai Gay-Lussac ya nuna cewa wasu gishirai, irin su na amoniya da boraks, suna hana yadi ci da wuta. A 1859 hukumar Faransa ta yi dokar a riƙa tsoma kayan wasa cikin ruwan magani bisa dabarar wani mai suna Carteron. Sai dai maganin yana sa yadi ya sandare, farinsa ya dushe. Emma Livry, ɗalibar Taglioni, ta ƙi yarda, har ta sa hannu a takarda cewa ta ɗauki alhakin duk abin da ya same ta. Ranar 15 ga Nuwamba, 1862, wajen gwajin wasa, bujenta ya taɓa fitila. Ta yi jinya wata takwas, ta mutu a Yulin 1863 tana da shekara ashirin. Haɗarin bai ragu sosai ba sai da lantarki ya maye gurbin gas, kamar yadda aka fara a gidan wasan Savoy na Landan a 1881.

Ko da yake ba a rawar bale a Danwarai ko Maiyama, ka'idar kimiyyar ɗaya ce a ko'ina. Gyale mai shara-shara da uwargida ta sayo a kasuwar Jega, in ya yi lilo a kan murhu, ko risho, ko kaskon turaren wuta, ɗan'uwan bujen Livry ne, musamman da hunturu, lokacin da kome ya bushe, yara kuma suna kewaye wuta suna jin ɗumi. Yadin roba irin su nailan ya ƙara da wani sharri, domin narkewa yake yi ya manne wa fata.

Saboda haka a ɗaure gyale ko a ajiye shi kafin a tsuguna gaban murhu. In tufa ta kama, kada a gudu, don gudu hura wuta yake yi. A kwanta a yi ta birgima, na kusa su rufe mutum da bargo mai kauri. Sa'an nan a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a kan ƙunar har minti ashirin, ban da shafa manja ko ƙwai, a kuma garzaya asibiti. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah Ya kiyashe mu.