Duwatsun Malbaza da Tekun da ya Janye

Darasinmu na yau a kan ƙasar da kuke takawa ne, daga Ƙonni zuwa Malbaza da Illela.

Ɗan'uwa, in ka bi ta wurin da ake fasa farin dutse a Malbaza, ɗauki guda ka duba da kyau. Wani lokaci za ka ga siffar katantanwa ko ƙumba a jikinsa. Ba mutum ya sassaƙa ta ba. Dabbar ruwa ce ta mutu, laka ta rufe ta, ta zama dutse. To, me ya kawo dabbar teku ƙasar Adar?

Teku ya taɓa kwanciya a nan

Masu ilimin ƙasa sun bincika. Sun gane cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, ruwan teku ne ya rufe wannan yanki. Miliyan ɗaya, dubu sau dubu ke nan. Tekun ba mai zurfi ba ne ƙwarai. Ya ratso Sahara daga arewa, ya bi ta ƙasar Mali, ya malalo Tawa da Sakkwato. Kifaye da kunkuru da kadoji sun rayu a cikinsa.

Ɓawon ƙananan dabbobin ruwa ya yi ta taruwa a ƙarƙashi, ya daskare, ya zama dutsen farar ƙasa. Da shi ake yin siminti. Shi ya sa aka kafa ma'aikatar siminti a Malbaza, ta fara aiki a 1966. Irin dutsen nan ne kuma ake haƙa a Kalambaina, kusa da Sakkwato. Iyaka ta raba Nijar da Nijeriya, amma ba ta raba dutsen ba.

Ina ruwan ya tafi?

Ƙasa tana motsi, sai dai a hankali. Bayanta ba falle ɗaya ba ne. Manyan ɓangarori ne, kamar sakaina da aka jera. Kowane yana gusawa santimita kaɗan a shekara, kamar tsirar farce. Da wannan motsi wani wuri yake ɗagawa, wani ya lotsa. Da tafiya ta yi tafiya, teku ya janye. Daga baya ruwan sama ya yi ta zaizayar tudu, ya yanka kwaruruka irin na Majiya. Tuddan nan masu shimfiɗaɗɗen kai, marmara ce ta rufe su, shi ya sa ba su zaizaye da wuri ba.

Inda ɓangarori biyu suke gogayya, nan aka fi samun girgizar ƙasa. A 2023 ta kashe mutum kusan 3,000 a Maroko. Mu muna nesa da bakin ɓangare, saboda haka ba mu saba da ita ba. Amma a 1983 ta auku a ƙasar Gine, ɗaruruwan mutane suka mutu. Girgizar dā ma takan bar tabo. In masani ya ga jerin duwatsu ya tsage, gefe ɗaya ya sauka ƙasa da ɗaya, ya san ƙasa ta taɓa motsawa a wurin.

Amfanin wannan sani gare ka

Tambayi mai ginar rijiya. Zai gaya maka ƙasa hawa-hawa ce: jar ƙasa, marmara, farin dutse, yumɓu, rairayi. Na ƙasa ya girmi na bisa, kamar jerin tubali a bango. Rairayi yana riƙe ruwa. Yumɓu yana tare shi. Wanda bai san jerin nan ba yana iya ɓata wata biyu da kuɗin gari duka, ya tashi da busasshen rami.

Don haka ne masana suke zana taswirar duwatsu. An buga ta ƙasar Nijar, aikin Greigert da Pougnet. Yau malaman Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai suna ci gaba da bincike, da hotunan tauraron ɗan'adam da kwamfuta. Amma na'ura ba ta san abin da ba a gaya mata ba.

Ga inda karatunka zai yi rana. In ana ginar rijiya a garinku, sami littafi. Rubuta mita nawa aka yi kafin farin dutse, mita nawa kafin ruwa. Rubuta sunan gari da shekara. Ka ajiye, ka nuna wa ma'aikatan ruwa in sun zo. In ka tsinci dutse mai siffar dabba, kada ka fasa shi. Rubuta inda ka same shi, ka kai wa malaminku.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Da wane dutse ake yin siminti?
2. Wace ƙasa ce take riƙe ruwa?
3. Mita nawa ne zurfin rijiyar garinku?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.