Shanyewar Ɓarin Jiki: Motsi Ya Fi Laɓewa

Jama'a, da wuya a sami unguwar da ba wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Mutum ya kwana lafiya, da safe sai a ga bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ya mutu, magana ta sarƙe. Waɗansu su kan ce iska ce ta buge shi. To, bari mu gaya muku abin da ya faru.

Ƙwaƙwalwa ita ce ke ba gaɓoɓi umurni, kuma jini ne abincinta. In jijiyar da ke kai mata jini ta toshe, ko ta fashe, sai wannan wuri ya lalace. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke mulkin hagun na jiki, na hagu kuwa shi ke mulkin dama. Babban abin da ke jawo ciwon shi ne hawan jini. Da ganin alamun nan a kai shi asibiti nan da nan, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Akwai maganin da ke narkar da gudan jini, amma galibi sai cikin awa 4 da rabi na farko a ke ba da shi.

Yanzu an sallamo shi, ya komo gida. Nan ne mu kan yi kuskure, kuma don ƙauna mu ke yinsa. Mu shimfiɗa masa tabarma a ɗaki, mu ba shi abinci a baki, mu sa masa riga, mu ce, "Baba, kwanta ka huta." Ya yi wata biyu a kwance, sai gaɓoɓi su sandare, yatsu su dunƙule, bayansa ya yi gyambo. Zuciyarsa kuma ta karye, don ya ga ya zama kaya a gidan da ya ke ciyarwa.

Ƙwaƙwalwa tana iya koyon sabuwar hanya, kamar yadda ku ke koyon karatu da girmanku. Da maimaici ta ke koyo. Yawancin sauƙin da a ke samu cikin wata 3 zuwa 6 na farko ne, ko da ya ke ba ya tsayawa nan. Saboda haka kwanakin nan ba na ɓatawa ba ne.

Wanda ba ya iya tashi tukuna, a riƙa juya shi bayan ko wace awa 2, a lanƙwasa masa gaɓoɓi a miƙe a hankali. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗa tana iya gocewa. In za a ba shi abinci a zaunar da shi sosai, don kada ya ƙware.

In ya fara zama, a ba shi aiki. Tsohuwa ta tsince shinkafa, ko ta ɓare gyaɗa. Dattijo ya ja carbi da raunanan yatsun, ya sa maɓallin rigarsa, ya riƙe moɗa da hannu biyu. Zai zubar da ruwa, zai ɓata lokaci, wataƙila ma ya yi fushi. Ku ƙyale shi ya gama da kansa. Mun sani tsayawa kallo da wuya, amma wanda ya karɓe masa moɗar ya hana shi darasin ranar.

Sa'an nan tafiya. Yau daga gado zuwa bakin ƙofa, wani yana tsaye ta gefen da ya raunana. Jibi zuwa tsakar gida, ya watsa wa kaji dawa. Daga nan zaure, daga zaure masallaci ko inuwar da tsararsa ke hira. Sanda a hannu mai lafiya a ke riƙe ta. A kawar da turmi da igiya daga hanya, a sa masa takalmin da ke kama ƙafa, ba silifa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau kamar rabin awa sau 5. Mai jinya ba zai fara da haka ba. Minti 5 ma abu ne, gobe a ƙara. In ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya gagara, ya zauna, a gaya wa likita.

Manyan asibitoci, kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, suna da sashen gashi, inda a ke koya wa mai jinya da 'yan'uwansa motsin da ya dace da shi. Ku je tare, ku gani da idonku, ku yi masa a gida.

Ciwon nan ya kan komo. Kada ya bar shan maganin hawan jini don ya ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙule a miya, ya bar taba, a kuma riƙa auna jininsa a kai a kai.