Yadda gari ke cinikin aiki da 'yan sandansa a Amurka

A Najeriya, ɗan sanda ko a Gumel yake aiki ko a Argungu, ma'aikacin gwamnatin tarayya ne. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 bai yarda da wata runduna ba sai guda ɗaya, kuma dokar ƙwadago ta hana 'yan sanda kafa ƙungiya. Saboda haka in aka ce wa mutuminmu kansilolin wani gari sun kaɗa ƙuri'a a kan albashin 'yan sanda bayan wata da watanni ana ciniki da ƙungiyarsu, zai ji abin banbaraƙwai. Amma haka ake yi a Amurka. Can hukumomin 'yan sanda sun kusa 18,000, kuma wajen rabin rundunonin garuruwa ba su kai ɗan sanda goma ba. Gari ke ɗaukarsu aiki, shi ke biyansu, akasari daga harajin gidaje da filaye, shi ke korarsu in ta kama. Dattawan da suka ga zamanin 'yan dokan En'e, kafin gwamnatin Gowon ta narkar da su cikin rundunar tarayya, za su fi saurin gane tsarin, sai dai ɗan doka ba shi da ƙungiyar da za ta zauna ciniki da En'e.

Su ma Amurkawa ba da wannan suka fara ba. A watan Satumba na 1919 'yan sandan Boston sama da 1,100 suka shiga yajin aiki, saboda kwamishinansu ya dakatar da shugabannin ƙungiyar da suka kafa. Aka kwashi ganima a shaguna, aka rasa rayuka, gwamna Calvin Coolidge ya turo dakarun jiha, kuma ba a mayar da masu yajin bakin aiki ba. Shi gwamnan sunan da ya yi a wannan rikici ne ya share masa hanyar zama mataimakin shugaban ƙasa, daga baya shugaban ƙasa. Shekaru arba'in suka wuce kafin jihar Wisconsin, a 1959, ta zama ta farko da ta ba ma'aikatan garuruwa 'yancin cinikin albashi a ƙungiyance. Har yau kowace jiha da dokarta, domin dokar ƙwadago ta tarayya ta 1935 ba ta shafi ma'aikatan gwamnati ba. A North Carolina haramun ne gari ya ƙulla irin wannan yarjejeniya, a maƙwabciyarta Virginia kuwa sai a 2021 aka ba garuruwa zaɓin yi.

A jihohin da suka halatta, an yi ba-ni-in-ba-ka ne. Ɗan sanda ba zai yi yajin aiki ba. A New York doka ta ce duk ranar da ma'aikacin gwamnati ya yi yaji, albashin kwana biyu za a yanke masa. A madadin haka, jihohi kamar Pennsylvania a 1968 da Michigan a 1969 suka ce in ciniki ya cije, a kai maganar gaban mai raba gardama, abin da ya yanke ya zama wajibi a kan kowa. Wannan mutum shi ne ke tsaye a bayan duk wata tattaunawa, ko da ba a kira shi ba, domin kowane ɓangare yana lissafin abin da zai samu in aka je gabansa.

Yarjejeniyar yawanci ta shekara uku ce zuwa biyar. Watanni kafin ta ƙare, ƙungiya kan aiko da takardar neman zama. Wakilan gari su ne manajan gari ko na hannun daman magajin gari, da jami'in kuɗi, da lauyan ƙwadago, wani lokaci da shugaban 'yan sanda a gefe, domin shi ba ɗan ƙungiya ba ne, yana cikin masu gudanarwa. Ƙungiya kuma ta zo da zaɓaɓɓun shugabanninta da lauyanta, sau da yawa daga uwar ƙungiya irin su Fraternal Order of Police, wadda aka kafa a Pittsburgh a 1915, mai mambobi sama da 300,000. Kansiloli ba sa shiga ɗakin. Suna yin zaman sirri ne su gaya wa wakilansu iyakar abin da za su iya bayarwa, kuma dokokin da suka tilasta wa majalisa yin zama a bainar jama'a sun keɓe wannan, don kada ɗaya ɓangaren ya san ƙarshen farashi. Hujjar tana da ma'ana. Amma sakamakonta shi ne mutanen gari ba sa jin komai sai an gama.

Maganar kuɗi ake fara ja a kanta. Kowane ɓangare yakan zo da jerin garuruwan da yake so a kwatanta da su: ƙungiya ta zaɓo masu arziki, gari ya zaɓo talakawa irinsa, a yi ta musu a kan jerin kafin ma a taɓa adadi. Kuma ƙarin albashi na da wuyar ganewa daga kanun labari. A ɗauka gari na da 'yan sanda 40, kowanne na karɓar dala 70,000 a shekara, jimla dala miliyan 2.8. Aka amince da ƙarin kashi 3 cikin ɗari kowace shekara har shekara uku. Shekarar farko ƙarin dala 84,000 ne. Ta biyu ya haura 170,000, domin ƙari na hawa kan ƙari, ta uku ya kusa 260,000. Cikin shekara uku gari ya fitar da fiye da rabin miliyan, ga shi a jihar Massachusetts, alal misali, dokar 1980 ta hana gari ƙara jimlar harajin gidaje fiye da kashi biyu da rabi a shekara sai da izinin masu zaɓe. Wannan tsurar albashi ke nan. Akwai matakan girma da ake hawa da yawan shekaru, da kuɗin daɗewa a aiki, da alawus na kaki da na aikin dare, da kuɗin aikin da ya wuce lokaci wanda ake biya ninki ɗaya da rabi. Wasu yarjejeniyoyin sun ce in aka kira ɗan sanda kotu ranar hutunsa, ko minti ashirin ya yi, awa uku ko huɗu za a biya shi. Sai rabon kuɗin inshorar lafiya tsakaninsa da gari, wanda kan fi albashin kansa tayar da jijiyar wuya.

Fansho ne ya fi nauyi, shi ne kuma aka fi saurin alkawartawa, saboda wanda ya sa hannu yau ba shi zai biya ba. A 1999 Kalifoniya ta buɗe ƙofar wani tsari da garuruwa da yawa suka kwaikwaya: ɗan sanda zai iya ritaya yana da shekara 50, a ba shi kashi 3 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe a kan kowace shekarar aiki. Wanda ya yi shekara 30 ya tafi da kashi 90 har ƙarshen ransa. Garin Vallejo na Kalifoniya ya shiga kotu a Mayun 2008 ya ce ya tsiyace, a lokacin da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ke cinye kusan kashi uku cikin huɗu na kasafinsa na yau da kullum. 'Yan sandan garin suka ragu daga sama da 150 zuwa ƙasa da 100. 

Amma abin da ya fi damuna a takardar yarjejeniyar ba dala ba ce. Shafukan da ke tsakiya, waɗanda ba su da adadi, su ne ke faɗin yadda za a binciki ɗan sanda in an kai ƙararsa, da wanda ke da ta cewa a ƙarshe. Wani malamin shari'a, Stephen Rushin, ya karanta yarjejeniyoyi 178 na manyan biranen Amurka, ya wallafa a 2017 cewa kusan kashi 88 cikin ɗari na ɗauke da aƙalla sharaɗi ɗaya da kan iya hana ladabtarwa. A Shikago a lokacin, ɗan sandan da ya yi harbi yana da awa 24 kafin masu bincike su ɗauki bayaninsa. A wancan lokaci mai kawo ƙorafi sai ya yi rantsuwa a rubuce da sunansa, abin da ba kowane talaka mai tsoron ramuwa zai yi ba. Kuma yarjejeniyar ta ce a lalata takardun ƙorafi bayan shekara biyar. Waɗannan sharuɗɗa sun daɗe a rubuce ba wanda ya kula, sai da aka saki bidiyon kisan Laquan McDonald, yaro ɗan shekara 17 da wani ɗan sanda ya harba sau 16 a Oktoban 2014. A Yunin 2020 kotun ƙolin jihar Illinois ta ce sharaɗin lalata takardu ya saɓa wa dokar jiha.

Sannan ga ɗaukaka ƙara. Shugaban 'yan sanda zai kori yaronsa, ƙungiya ta kai maganar gaban mai raba gardama, shi kuma ya duba ko an bi ƙa'ida da kuma irin hukuncin da aka yi wa wasu a baya kan laifi iri ɗaya. In da can an yi wa wani sassauci, wannan ma sai ya samu. Jaridar Washington Post ta gano a 2017 cewa cikin 'yan sanda 1,881 da manyan rundunoni 37 suka kora tun 2006, an dawo da 451 ta wannan hanya. Mai raba gardamar ba mutanen gari suka zaɓe shi ba, sau da yawa ma ba a garin yake zaune ba.

Ta yaya gari ke yarda da irin wannan? Saboda ba ya cin ko sisi a kasafin bana. Manajan da ba shi da kuɗin ƙarin kashi 4 zai ce ga kashi 2, a haɗa da kwana biyu kafin a yi wa mutuminku tambaya. Kowa ya tashi yana ganin ya ci riba. Sai bayan shekaru farashin ke fitowa, a diyyar da kotu za ta ɗora wa gari, da kuma mutanen unguwa da suka daina kiran 'yan sanda. Kuma abin da ya shiga takarda fitarsa na da wuya. A New York doka ta ce tun 1982 in yarjejeniya ta ƙare, sharuɗɗanta na ci gaba da aiki har sai an yi sabuwa, don haka ƙungiya ba ta da gaggawa, kuma ba za ta saki abin da ke hannunta ba sai an saya.

Ba na cikin masu cewa a hana ɗan sanda kariya. Wanda ya ga yadda ake yi wa ƙaramin ma'aikaci canjin wurin aiki don ya taɓa ɗan wani babba ya san dalilin da ya sa ɗan sanda ke son a rubuta ƙa'ida, a saurare shi kafin a hukunta shi. Aikin na da haɗari, kuma garin da ke biyan kaɗan horar da mutane kawai yake yi, maƙwabta su kwashe. Ra'ayina shi ne a biya su da kuɗi, a biya da kyau, amma ikon ladabtarwa na jama'a ne, bai kamata ya zama abin cikon ciniki ba. Birnin Washington ya cire shi daga cikin abubuwan da ake tattaunawa a 2020, jihar Maryland kuma a 2021 ta soke dokarta ta 1974 da ta ba 'yan sanda kariya ta musamman. Masu neman 'yan sandan jihohi a Najeriya, ko da ba za a ba su ƙungiya ba, tambayar nan na jiransu: wa zai kori ɗan sandan da ya yi laifi, wa kuma zai iya dawo da shi?

In wakilai suka daidaita, sai su sa hannu a kan daftari. 'Yan ƙungiya ne ke fara kaɗa ƙuri'a, sannan a kawo wa majalisar gari, ko kuma taron dukan masu zaɓe a ƙananan garuruwan arewa maso gabas, inda su ne ke amincewa da fitar da kuɗi. A nan majalisa ba ta gyara ko layi ɗaya: ko ta karɓa duka, ko ta mayar. Mayarwa kuwa na da tsada, domin ariyas na taruwa, ƙungiya na iya zargin gari da rashin gaskiya a ciniki, kuma ƙungiyar nan ita ce ke mara wa 'yan takara baya ranar zaɓe. Shi ya sa sau da yawa ake amincewa cikin 'yan mintoci. A Disamban 2013 kansilolin Boston sun yi ta ƙorafi kan ƙarin kashi 25.4 cikin ɗari na shekara shida da mai raba gardama ya ba 'yan sanda, amma suka amince. Sai dai ba kullum ba. A Disamban 2017 mutanen Austin a jihar Teksas suka cika zauren majalisa har dare, kansiloli suka ƙi daftarin baki ɗayansu. A Nuwamban 2018 aka kawo wani da ya fi araha, wanda ya yarda da ƙorafin da ba suna, aka kuma ƙarfafa ofishin farar hula mai sa ido. Mutanen Austin sun ci nasara ne don sun karanta takardar tun da wuri; ba a fafe gora ranar tafiya. Da garuruwa za su wajabta buga daftari makonni kafin ƙuri'a, tare da lissafin abin da zai ci har ƙarshensa, da an rage yawan nadama.

Boston ta gwada sayo ikonta na ladabtarwa a Disamban 2023. Magajiyar gari Michelle Wu ta amince da ƙarin kusan kashi 21 cikin ɗari na shekara biyar, ita kuma ƙungiya ta yarda da jerin manyan laifuffuka, irin su fyaɗe da fashi da safarar ƙwaya, waɗanda in aka kori ɗan sanda a kansu ba zai je gaban mai raba gardama ba. Masu suka sun ce jerin bai kai ba. Yarjejeniyar ta fara lissafi ne daga Yulin 2020, wato 'yan sandan sun yi shekara uku da rabi suna aiki a kan tsohuwar takarda, aka biya su ariyas a dunƙule. Ranar da kansiloli suka amince, saura mata shekara ɗaya da rabi ta ƙare a Yunin 2025.