Dawo da Masana'antun Kayan Lantarki Gida: Ma'ana da Dalilai da Sharuɗɗa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa, ya tsaya a rumfar masu sayar da kayan lantarki, zai tarar da rediyo da tocila da fanka da caja da wayoyin hannu birjik. Idan ya juya bayan kowannensu ya karanta, da wuya ya ga sunan Nijeriya, domin akasarinsu daga ƙasar Sin suka fito. Wayar da ke aljihun manomi a Sandamu ko Baure ta sha doguwar tafiya kafin ta iso gare shi. An harhaɗa ta a birni irin su Shenzhen, ɗan kasuwa ya saro ta, aka yi fitonta a Legas ko Kano, sannan ɗan sari ya ɗauko ta daga kasuwa irin ta Farm Centre ya kawo Daura. Ribar ciniki kawai ke tsayawa a hannunmu, amma ladan aikin ƙira da ilmin da ke tattare da shi can suke zama.

Wannan hali bai tsaya ga Nijeriya kaɗai ba. Manyan ƙasashe ma sun wayi gari sun ga masana'antunsu sun ƙaura, suna kuma fafutikar dawo da su. A wannan babi za a duba ma'anar wannan yunƙuri da tarihinsa da dalilansa, da sharuɗɗan da yake buƙata, sannan a dubi matsayin ƙasar Daura da na malamin makaranta a cikinsa.

2.0 Ma'ana

Dawo da masana'anta gida shi ne kamfani ko ƙasa ta mayar da aikin yin wasu kaya cikin iyakokinta, bayan a da ana yi mata su a ƙetare. Sai dai kafin a ce an yi abu a gida, wajibi ne a bambance matakai uku.

Mataki na farko shi ne harhaɗawa, wato a shigo da sassan na'ura a kwali, ma'aikata su ɗaura su, su gwada, su sa a mazubi. Na biyu shi ne ƙera sassa, wato a yi batir da waya da murfin roba da allon da ake jera ƙananan sassa a kansa a cikin ƙasa. Na uku, wanda ya fi kowanne wuya da riba, shi ne zayyana na'urar tun daga tushe da kuma ƙera ƙwaƙwalwarta, wato ɗan gutsuren silikon ɗin nan da ke sarrafa aikinta.

Bahaushe ya san wannan bambanci a sana'o'insa na gargajiya. Wanda ya sa wa fartanya ƙota ya yi aiki, amma ba shi ne maƙeri ba. Haka kuma maƙerin da ke sayen ƙarfe bai kai matsayin wanda ya iya narka tama ba.

3.0 Yadda Masana'antun Suka Ƙaura

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ce kan gaba wajen ƙera rediyo da talabijin. Daga baya Japan ta shigo da kaya masu inganci da rahusa, Koriya ta Kudu da Taiwan suka biyo sahu. A 1980 ƙasar Sin ta mayar da Shenzhen yanki na musamman na tattalin arziki, a 2001 kuma ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Arhar ƙwadago da sauƙin jigila a kwantena suka ja kamfanoni can. Kamfanin Zenith, wanda ya yi suna a ƙera talabijin a Amurka, ya koma mallakar LG na Koriya gaba ɗaya a 1999.

Nijeriya ita ma ta taɓa ɗanɗana zamanin masana'antu. A shekarun 1960 da 1970 gwamnati ta bi manufar yin kaya a gida a madadin shigo da su. An kafa wuraren harhaɗa rediyo da talabijin da firji, musamman a Legas da Ibadan. A Kaduna an fara harhaɗa motar Peugeot a 1975, a Kano kuma unguwannin Bompai da Sharaɗa da Challawa suka cika da masana'antu. Rauninsu shi ne akasarinsu sun tsaya a matakin farko, kusan kowane sashe daga waje ake sayo shi da kuɗin man fetur. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai kuɗin ƙetare ya yi ƙaranci. A 1986 aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, darajar naira ta karye, sassa suka yi tsada, aka kuma sassauta shigo da kayan waje. Ga kuma matsalar wutar lantarki. Sannu a hankali masana'antun suka yi ta rufewa. Lokacin da wayar salula ta shigo a 2001, ta tarar da babbar kasuwa ba tare da masana'antar da za ta ciyar da ita ba.

Jihar Katsina tana da nata darasin. Masana'antar mulmula ƙarfe da aka buɗe a Katsina a farkon shekarun 1980 an gina ta ne bisa dogaro da curin ƙarfen da za a riƙa kawo mata daga Aladja a kudu. Da can ɗin ya yi rauni, sai ita ma ta raunana. Ke nan masana'anta ba ta tsayuwa ita kaɗai, sai da masu ciyar da ita.

4.0 Dalilan Neman Dawo da Su

(a) Samar da aikin yi. Masana'anta guda kan ɗauki ma'aikata, ta kuma rayar da masu yin kwali da roba da direbobi da masu sayar da abinci a kewayenta.

(b) Tsimin kuɗin ƙetare. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da naira 1,500 a 2024. Farashin waya da batir ya bi ta, har a ƙauyukan da ba a taɓa ganin dala ba.

(c) Tsaro daga yankewar kaya. Annobar korona ta 2020 ta sa an rufe masana'antu da tashoshin jiragen ruwa, ƙwaƙwalwar na'ura ta yi ƙaranci a duniya, har kamfanonin mota suka dakatar da aiki. Nan ƙasashe suka tuna cewa zanen aro ba ya rufe katara.

(d) Riƙe ilmi. Ƙwarewar ƙira a bakin aiki take girma. Ƙasar da ta daina yin abu, bayan zamani guda za ta rasa waɗanda suka san yadda ake yin sa.

5.0 Abin da Ƙoƙarin Wasu Ya Nuna

A 2013 kamfanin Motorola ya buɗe masana'antar harhaɗa wayar Moto X a Fort Worth da ke jihar Texas ta Amurka. Kafin ƙarshen 2014 an rufe ta, saboda ciniki bai kai yadda aka zata ba, ga tsadar aiki, sassan kuma daga Asiya ake kawo su. Gini ya dawo gida, amma masu ƙera sassa ba su dawo ba. A 2022 Amurka ta sake dabara, ta yi doka ta ware kimanin dala biliyan 52 don tallafa wa masu ƙera ƙwaƙwalwar na'ura a cikin ƙasar.

Indiya ta bi hanyar hawa mataki-mataki. Ta ƙaddamar da shirin yin kaya a gida a 2014, ta riƙa ƙara kuɗin fito a kan cikakkiyar waya da farko, daga baya a kan caja da batir da sauran sassa, a 2020 kuma ta fara ba kamfanoni lada gwargwadon yawan abin da suka ƙera. Da haka ta zama ta biyu a duniya wajen harhaɗa wayoyi, duk da cewa tana sayo sassa masu yawa daga waje.

A Afirka, kamfanin Transsion mai wayoyin Tecno da itel ya kafa wurin harhaɗawa a Habasha a 2011, an kuma buɗe masana'antar wayar Mara a Kigali ta Ruwanda a 2019. A Nijeriya, Zinox ya fito da kwamfutarsa a 2001, AfriOne kuma ya buɗe wurin harhaɗa waya a Legas a 2017. A wannan shekarar ce gwamnatin tarayya ta ba da umarnin ma'aikatu su fifita kayan gida wajen saye, aka kuma ƙarfafa wannan manufa a 2025. Duk da haka, kayan waje ne suka mamaye rumfunanmu, abin da ke nuna cewa umarni kaɗai ba ya gina masana'anta.

6.0 Sharuɗɗan Nasara

Na farko shi ne tsayayyiyar wutar lantarki, domin injin da ke liƙa sassa da dalma ba ya jure ɗaukewar wuta, janareta kuwa yana ninka kuɗin aiki. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Na biyu, masu ƙera ƙananan sassa a kusa. Na uku, bashi mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi. Na huɗu, manufar gwamnati mai ɗorewa, wadda ba ta sauyawa da sauyin mulki, tare da toshe fasa-ƙwauri. Na biyar, inganci, domin mai saye ba zai bar caja mai ƙarko ya ɗauki wadda za ta ƙona masa waya don kishin ƙasa kawai ba. Na shida, wanda shi ne ginshiƙin sauran, ƙwararrun ma'aikata.

Akwai kuma farashin da ake biya. Idan aka ƙara kuɗin fito don kare masana'antar gida, talaka ne zai fara jin tsada. Saboda haka kariya takan yi amfani ne idan tana da wa'adi, kuma an ɗora wa kamfani sharaɗin ƙara sassan gida shekara bayan shekara.

7.0 Matsayin Ƙasar Daura

Ba hikima ba ce a yi zaton za a fara da ƙera ƙwaƙwalwar na'ura a Daura, aikin da masana'antarsa guda kan ci biliyoyin daloli. Amma akwai abubuwan da za a iya ginawa a kansu. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura a 2019, a watan Disambar shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ga iyakar Kongolam da ke buɗe ƙofa zuwa kasuwannin Jamhuriyar Nijar. Ga kuma samari masu gyaran waya da rediyo da masu ɗaura farantan sola, waɗanda suka koyi aiki ta hanyar zama a gaban maigida, kamar yadda 'ya'yan maƙera ke koyo a bakin zuga-zugi.

Abin da ya dace a fara da shi shi ne kayan da jama'a ke saye kullum kuma ba su da wuyar yi: fitilar sola da tocila da caja da soket da fanka mai batir. Daga gyara a hau harhaɗawa, daga harhaɗawa a hau zubin roba da naɗin waya. Sannu ba ta hana zuwa.

8.0 Rawar da Malami Zai Taka

Ma'aikacin da zai tsaya a gaban inji nan da shekara goma sha biyar, yau yana aji uku na firamare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malamin Hausa yana da hannu a nan ta hanyoyi uku. Zai iya bayyana wa yara yadda batir da kwan fitila ke aiki da harshen da suka fi fahimta. Zai iya tattara kalmomin da masu gyara ke amfani da su, ya tace su, ya shigar da su darasi. Zai kuma iya kawar da ra'ayin nan na raina aikin hannu, ta hanyar gayyato maƙeri ko mai gyaran waya cikin aji ya nuna sana'arsa.

9.0 Kammalawa

An ga cewa dawo da masana'anta ya wuce gina rumfa da shigo da inji. Abin da ya ƙaura shi ne ƙwarewa da jerin masu ƙera sassa, kuma su ne ke ɗaukar lokaci kafin su dawo. Ƙasar da ta tsaya a harhaɗawa, kamar yadda Nijeriya ta yi a shekarun 1970, za ta sake rufe masana'antunta da zarar kuɗin ƙetare ya yi wuya.

Tambayoyi

1. Bambance tsakanin harhaɗawa da ƙera sassa, tare da misali daga sana'o'in gargajiya.
2. Kawo dalilai uku da suka durƙusar da masana'antun Nijeriya a shekarun 1980.
3. Wane darasi ke cikin rufe masana'antar Moto X?
4. Ziyarci mai gyaran waya a garinku, ka tattaro kalmomi ashirin da yake amfani da su, ka bayyana ma'anarsu.