Idan Aiki Ya Zama Jiki

A Najeriya ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko ya yi shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman makaranta kuwa, dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta ɗaga musu zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Ke nan wanda aka ɗauka yana ɗan shekara 25 zai ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a ma'aikata ɗaya, wani lokaci ma a ofis ɗaya. Ƙarin girma kuma ba kullum yake zuwa ba. A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, wanda ke tsakanin mataki na 7 da na 14 sai ya shekara uku kafin a duba shi, na sama da haka shekara huɗu, kuma ko lokacin ya cika sai in akwai gurbi.

A irin wannan doguwar tafiya, abin da ya fi cin ma'aikaci shi ne sabo. Shekarun farko akwai ɗoki, akwai tsoron kuskure, shi ya sa sabon ma'aikaci yake tambaya, yake sake duba abin da ya rubuta. Da aiki ya zama jiki sai hannu ya riƙa yi shi kaɗai, hankali yana wani wuri. Dubi malamin da ke shiga aji da littafin darasin da ya rubuta tun farkon kama aikinsa, takardun sun yi ja, gefensu ya nannaɗe. Yana kwafewa a allo, alli na ƙara, bai juyo ba balle ya ga yaran layin baya sun daina rubutu tun a sakin layi na biyu. Ba za a kira shi malalaci ba, domin ba ya makara, ba ya fashi. Sai dai rabonsa da ya tambayi kansa ko an gane, an daɗe.

Mukan ɗauka cewa tsohon hannu dole ya fi ƙwarewa. A 2005 wasu masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun tattara sakamakon nazarce-nazarce 62 a kan alaƙar daɗewar likita a aiki da ingancin aikinsa, sai suka tarar fiye da rabi sun nuna ingancin raguwa yake yi yayin da shekaru ke ƙaruwa. Ilimin magani yana sauyawa, shi kuwa likita yana nan a kan abin da ya baro makaranta da shi. Anders Ericsson, masanin halayyar ɗan Adam da ya daɗe yana nazarin gwanaye, ya bayyana dalilin: da zarar mutum ya kai matsayin da ba a kuka da aikinsa, maimaitawa ba ta ƙara masa komai. Abin da ke ƙarawa shi ne ya nemi inda yake da rauni da gangan, ya yi ta gwadawa, kuma a samu mai gaya masa gaskiyar yadda ya yi.

Da an ta da wannan zance sai a ce, ai albashi ne. Akwai gaskiya a ciki, kuma bai kamata a yi mata kwaskwarima ba. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, amma duk mai zuwa kasuwa ya san farashin buhun shinkafa ya riga shi gudu. Malamin da ke bin bashin albashi ba ya bukatar wa'azin himma, haƙƙinsa yake bukata. Sai dai Frederick Herzberg ya lura da wani abu a 1959, bayan shi da abokan aikinsa sun yi hira da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh. Da aka tambaye su lokacin da ransu ya fi ɓaci a wurin aiki, sai suka fi ambaton tsarin kamfani, halin shugabanni da yanayin wurin. Da aka tambaye su lokacin da suka fi jin daɗi, sai amsar ta koma ga aikin kansa: sun warware wata matsala mai wuya, an yaba musu, an damƙa musu amana. Gyara na farkon yana kawar da ƙorafi, amma ba shi ke sa mutum ya tashi da safe yana marmarin fita ba. Murnar shigowar albashi kwana nawa take yi?

A 2001 Amy Wrzesniewski da Jane Dutton sun yi rubutu a kan masu shara da goge-goge a wani asibiti a Amurka. Aikinsu ɗaya a takarda, amma sun kasu biyu. Wasu suna yin abin da aka lissafa musu su tafi. Wasu kuwa sun ɗauki kansu cikin masu jinya: suna lura da majinyacin da ba mai zuwa duba shi, su tsaya su gaisa da shi, su tsara shararsu yadda ba za ta takura wa nas-nas ba. Waɗannan na biyun su suka fi ganin darajar aikinsu. Ba wanda ya sauya musu muƙami, su suka faɗaɗa shi da kansu.

Irin wannan ana ganinsa a ɗakin kati na asibitocinmu. Wani akawun yana miƙo kati ta taga ko ɗaga kai ba ya yi. Wani kuwa, da ganin tsohuwar da ta zo daga ƙauye tana kwance bakin zane tana neman katin da ya ɓace, sai ya ce, "Iya, kwantar da hankalinki, wane wata kika zo?" Ya jawo rajista, ya bi layi da yatsa har ya gano lambarta, ya nuna mata ƙofar da za ta bi. Ya hutar da ita jiran wuni guda, kuma ya san ya yi hakan. Wannan sanin shi ne abin da ma'aikaci ya fi rasawa idan ya daɗe, domin fayil da fom sukan tsaya tsakaninsa da mutumin da aikin yake yi wa amfani.

Wani maganin sabo kuma shi ne komawa ɗalibta, tunda gemu ba ya hana ilimi. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ta riga ta yi suna a ginin tukwane irin na Gbagyi har Sarkin Abuja yana ajiye aikinta. Duk da haka a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau, ta zama mace ta farko a wurin. Ta koyi gini a kan injin juyi da shafa ruwan ƙyalli da gashi a babban murhu, ba ta kuma yar da zanen kada da ƙadangare da kifi da ta gada ba. Da wannan haɗin aikinta ya kai Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ga ma'aikacin ofis, wannan na iya zama koyon kwamfuta a wurin yaron da aka ɗauka bara, ko karɓar sabon ma'aikaci a koya masa aiki, domin tambayoyin sabon shiga sukan tono abin da tsohon hannu ya daina lura da shi.

Akwai gajiyar da ta wuce sabo. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wani yanayi da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, mai alamu uku: ƙarewar kuzari, jin aikin ya fita daga rai har mutum ya riƙa ƙyamarsa, da raguwar iya aiki. Nas ɗin da ke riƙe da ɗakin marasa lafiya ita kaɗai dare da rana ba kwas take nema ba. Hutu take nema, da ƙarin hannu, kuma wannan nauyin shugabanni ne.

Rabon shugabanni a nan babba ne. A 2014 Matthew Kraft da John Papay sun bi diddigin malaman wata gunduma a jihar North Carolina, suka ga cewa malaman da ke makarantun da hedimasta ke mara musu baya, ake taimakon juna, ake tantance aiki da gaskiya, sun ci gaba da ƙaruwa har zuwa shekara goma, fiye da takwarorinsu na sauran makarantu. A ofisoshinmu da yawa kuwa, fom ɗin tantance ƙwazo na shekara-shekara ya zama al'ada kawai. Ma'aikaci ya cike, oga ya ba kowa maki mai kyau don a zauna lafiya, a tura fayil. Akawun da ya nemo wa tsohuwa lambarta da wanda bai ɗaga kai ba, maki ɗaya suke samu.